Ƙarama Sabuwa ko Babba ta Hannu?

Wanda ya shiga titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, yana neman kwamfutar tafi-da-gidanka da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, kusan kullum abu biyu za a ɗora masa a kan kanta. Ɗaya ƙarama ce, sabuwa fil a kwalinta, allonta inci 11 da ɗoriya, sakayau a hannu, ko ledar jikinta ba a ɓare ba. Ɗayar babba ce ta hannu, wadda ta yi shekara huɗu ko biyar tana aiki a wani ofis a Ingila ko Amurka kafin ta hau jirgin ruwa, gefenta ya ɗan goge, wasu madannanta sun yi sheƙi saboda yawan taɓawa. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Mai shago zai yabi wadda ya fi son rabuwa da ita, abokin rakiya zai maimaita abin da ya ji a bakin wani, shi kuwa mai saye, wanda sau da yawa uba ne da 'yarsa ta samu gurbi a jami'a, ko malamin makaranta da ya kwashi adashi, ya san ba zai sake irin wannan sayayya ba sai bayan shekaru. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo, kuskure a gaban wannan kanta ya ƙara tsada ƙwarai. Ya kamata a auna su biyun a natse.

Ƙaramar tana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta ƙasar nan. A farkon 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya shelanta shirin ƙera kwamfutar dala 100 domin yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, a watan Nuwamban shekarar kuma aka nuna samfurinta a Tunis, Kofi Annan yana tsaye a wurin. Wadda aka fitar daga baya, XO, koriya da fari mai kunnuwa biyu na kama intanet, an gwada ta a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja a 2007, a daidai lokacin da kamfanin Intel ke gwada tasa, Classmate, a wata ƙaramar sakandare a Jabi. Farashin bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba, kusan ninkinsa ya tsaya. Ƙasashen Uruguay da Peru ne suka saya da yawa, mu kuwa abin bai wuce gwaji ba. Duk da haka shirin ya nuna wa manyan kamfanoni cewa akwai miliyoyin mutane da buƙatarsu ita ce na'ura mai araha da za su iya sa wa a jaka, ba ruwansu da ƙarfin da ba za su yi amfani da shi ba.

Kamfanin Asus na Taiwan ne ya fara cin kasuwar. A ƙarshen 2007 ya fitar da Eee PC, mai allon inci 7, nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, ma'ajiyarta gigabait 4 kacal, ana sayar da ita dala 399. Aka yi ta rububinta. Acer da HP da Dell da Samsung duk suka shigo, Intel ya ƙera musu furosesa mai suna Atom wadda ba ta cin wuta, Microsoft kuma ya tsawaita ran Windows XP dominsu, daga baya ya ba su wata Windows 7 da aka rage wa ƙarfi har ba a iya sauya hoton fuskar allo a cikinta. Waɗannan su ne 'yan mini da suka cika jakunkunan ɗalibanmu wajen 2010. Tashensu bai daɗe ba. Da yawa sun saye su da zaton babbar kwamfuta ce aka ƙanƙanta, sai suka tarar tana tafiyar hawainiya. iPad ta fito a 2010, wayoyi suka ƙara wayo da girman allo, ribar 'yan minin kuma ba ta da kauri. Zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera su. Amma irin bai ƙare ba. Chromebook ta bayyana a 2011, HP ya fitar da Stream 11 a 2014 a kan dala 199, kuma ƙananan da ke kan kanta a yau, masu furosesa Celeron da ram gigabait 4, jikokinsu ne, sun gaji kyawun halinsu sun kuma gaji lalurarsu.

Ita babbar ta hannu asalinta daban. Manyan kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka kan sayi kwamfutoci ko su yi hayarsu na shekara uku zuwa biyar, wa'adi na cika su sallame su gaba ɗaya, ko da lafiyarsu ƙalau. Dillalai su kwashe, wasu su bi ta Sharja da Dubai, wasu su sauka Legas kai tsaye, daga nan su watsu zuwa Kano da Kaduna da Maraɗi. Shi ya sa sunaye uku suka mamaye kasuwar gwanjo: EliteBook ta HP, Latitude ta Dell, da ThinkPad ta Lenovo. Ba don talaka aka ƙera su ba. Lokacin da suke sababbi kuɗin ɗaya ya ninka na ƙaramar sau uku ko huɗu, kuma an gina su domin ma'aikacin da zai buɗe ya rufe sau goma a yini, da kuma injiniyan ofis da zai kwance su ya sauya abin da ya lalace. Wato ƙaramar an ƙera ta da niyyar araha tun daga masana'anta, babbar kuwa tsufa ne ya sauko da kuɗinta. Kusan duk bambancin da zai biyo baya daga nan ya samo tushe.

Maganar nauyi ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙaramar kilo ɗaya ce da 'yan kai, tana shiga jakar hannu ta mata, cajarta ba ta fi ta waya girma sosai ba. Babbar takan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, ga caja mai nata nauyin. Ɗalibar da ke hawa Adaidaita biyu kafin ta isa sabuwar harabar jami'ar Bayero, sannan ta yini tana zagaye tsakanin ɗakunan lacca, ta san wannan bambanci a kafaɗarta. Akwai kuma sirri: jakar da ba ta nuna akwai kwamfuta a ciki ta fi kwanciyar hankali a tasha.

Inda ƙaramar ta fi ƙarfin hujja shi ne wuta, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin masu rubuta sharhin kwamfuta a ƙasashen da ba a ɗauke wuta ba su cika ba wannan batu haƙƙinsa ba. Furosesa irin Celeron N4020 da ke cikin yawancin ƙananan an tsara ta a kan wat 6, ta Core i5 da ke cikin manyan na ofis kuwa wat 15. Ƙara da cewa allon ƙaramar bai da faɗin da zai sha wuta, ba ta da fankar da za ta juya, batirinta kuma sabo ne. Awa bakwai ko takwas na rubutu da karatu a caji ɗaya ba abin mamaki ba ne gare ta. Ƙaramin faifan sola da batirin da ke kunna ƙwan fitila uku a gida sun isa su ciyar da ita, wasu ma ana cajinsu da babban fawa banki. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, ko a Nijar bayan Najeriya ta yanke mata wuta a watan Agustan 2023, mai ƙaramar yakan kai ta shagon caji sau ɗaya ya yi aikin yini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ranar miƙa furojet ɗinsa ta matso.

Babbar a nan take da rauni, kuma raunin ba ya ɓuya. Batirin litiyam yana tsufa da yawan caji, yana kuma tsufa da shekaru ko ba a taɓa shi ba, zafi na ƙara gaggauta masa. Wanda ya yi shekara biyar a ofis yana iya ba ka awa uku, yana iya ba ka minti arba'in, wani ma ya kumbura har ya ɗaga madannai. Mai shago zai ce maka tana riƙe caji, amma riƙon da aka gwada na minti biyar a cikin shago ba shaida ba ne. Ana samun sabon batiri a kasuwa, sai dai mafi yawa ba na ainihin kamfanin ba ne, wani ya yi shekara biyu lafiya, wani wata shida ya gaza. Abin da za a faɗa domin adalci shi ne batirin babbar ana sauya shi da sukurdireba cikin minti goma, kuma kowane mai gyara ya san lambarsa. Wasu samfuran ma, irin ThinkPad T480, an yi su da gurbin batiri biyu, na ciki da na waje da ake zarewa a sa wani ba tare da an kashe na'urar ba. Ita ma ƙaramar batirinta zai tsufa wata rana, kuma a ranar ne mai ita zai gane cewa samun irinsa a kasuwa aiki ne.

Da an zo maganar ƙarfin aiki sai ma'aunin ya karkata ɗaya gefen, karkata mai yawa. Ram a kwamfuta kamar teburin tela ne: faɗinsa ke nuna yawan yadin da zai iya shimfiɗawa a lokaci guda, in ya yi kaɗan sai ya riƙa naɗe wannan kafin ya buɗe wancan. Ƙaramar gigabait 4 gare ta, kuma Windows kaɗai na cinye fiye da rabi tun kafin ka buɗe komai. Ka buɗe Word, ka buɗe shafuka bakwai ko takwas a Chrome, ka ƙara da takardar PDF mai nauyi, sai ka ga kibiya tana juyi kana jira. Ma'ajiyarta kuma, wadda ake kira eMMC, irin ta cikin wayoyi masu araha ce, ba ta kai SSD sauri ba, kuma yawanci gigabait 64 ce, Windows da sabuntawarta sun kwashe kaso mai tsoka. Masu gigabait 32 sun sha wahala sananniya: Windows ta nemi sabunta kanta ta rasa wurin da za ta ajiye kayan sabuntawar. Babbar kuwa yawanci da gigabait 8 take zuwa da SSD mai 256, kuma daga zubi na takwas na furosesar Intel, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshon, Core i5 ta irin waɗannan kwamfutoci ta koma mai ƙwaƙwalwa huɗu maimakon biyu. Ɗalibin injiniya ko zanen gine-gine da zai buɗe AutoCAD, mai nazarin alƙaluma da SPSS, mai shagon buga katin biki da CorelDRAW, yaron da ke koyon haɗa bidiyo da burin shiga Kannywood, duk waɗannan in an saya musu ƙaramar an saya musu ɓacin rai.

Sai dai ba kowa ke wannan aiki ba, kuma a nan masu raina ƙaramar suke wuce gona da iri. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu zana jarrabawarta a wajen makaranta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yana asarar maki da ba jahilci ne ya ci su ba. Abin da yake buƙata shi ne madannai na gaske da allo da manhajar gwaji, ƙaramar kuma ta isar masa har da saura. Haka marubuciyar da ta rubuta littattafai da babban yatsa a waya tana turawa a WhatsApp da Wattpad, haka malamin firamare mai shirya darasi da jera sakamakon jarrabawa, haka sakataren ƙungiya, haka ɗalibin shari'a ko tarihi da aikinsa karatu ne da rubutu. Ga waɗannan, ƙarfin da babbar ke taƙama da shi yawancinsa zaman banza zai yi, alhali nauyinta da ƙishin wutarta kullum suna tare da su. Ana cewa araha ba ta ado, to amma ba ado suka zo nema ba.

Zafi da ƙura sun raba hukuncinsu biyu. Ƙaramar da ba ta da fanka ba ta zuƙar iska, saboda haka ƙurar hunturu ba ta samun hanyar shiga cikinta, ba ta kuma da ƙara. Amma rashin fankar na nufin in zafi ya yi yawa ba ta da wata dabara sai rage gudu, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40, mai tafiyar hawainiya ta ƙara rage gudu abin ba ya daɗi. Babbar tana da fanka, tana jure aiki mai nauyi a cikin zafi, sai dai fankar ita ce ƙofar ƙura. In an bar ta shekara ba a buɗe an share ba, ga man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta ya bushe tun a Turai, sai ta riƙa huci tana kashe kanta. Maganin ba shi da tsada, amma sai mai ita ya san da shi. Na ga kwamfutoci masu rai da aka yanke wa hukuncin mutuwa alhali shara kawai suke nema.

A madannai da allo, babbar ce gaba, ko da yake ba da tazarar da ake zato ba. Madannan ThinkPad sun yi suna wajen daɗin taifin, kuma wanda zai buga shafi tamanin na furojet zai gode wa faɗinsu. Na ƙaramar a matse suke, mai manyan yatsu zai riƙa danna biyu a wuri ɗaya, allon kuma na gajiyar da ido in karatu ya yi tsawo. To amma yawancin manyan na ofis masu rahusa su ma allonsu mai ɗigo 1366 sau 768 ne, daidai da na ƙaramar, dishi-dishi, an dai shimfiɗa shi ne a fili mafi faɗi. Akwai kuma abin da mai saye kan manta ya duba: ta hannu da tsarin madannan ƙasar da ta fito take zuwa. Ta Jamus an musanya wurin Y da Z. Ta Faransa, wadda jerinta ke farawa da A da Z, alheri ce a Damagaram da Yamai inda aka saba da ita, a Katsina kuwa sai an yi ta lalube ko a manna takardun haruffa. Ƙ da ɗ da ɓ babu su a jikin kowacce, amma Windows na da tsarin madannai na Hausa da ake kunnawa a cikin saiti, kuma duka biyun suna karɓarsa. Wajen kafofin jona kaya kuwa babbar ta fi wadata: kafar waya ta intanet, kafofin filashi uku, kafar majigi da za a nema ranar kare furojet.

Gyara shi ne batun da na fi ba nauyi, domin shi ke nuna shekarun da na'ura za ta yi a hannun mai ita. Don a rage kuɗi da kauri, masu ƙera ƙaramar sukan like ram da ma'ajiya a jikin babban allon cikinta da dalma. Ba a ƙarawa, ba a cirewa. Yadda ka saye ta haka za ta tsufa, alhali manhajoji da shafukan intanet kullum ƙara nauyi suke. In ma'ajiyar ta mutu, ta mutu da duk abin da ke cikinta, kuma gyaran shi ne sauya allon cikin gaba ɗaya, wanda kuɗinsa ya kusa na wata kwamfutar. Jikinta roba ce marar kauri, maƙallan murfinta su ne kan fara karyewa. Mafi muni su ne marasa sanannen suna da ake shigowa da su da kwali mai ƙyalli, waɗanda in allonsu ya fashe ba mai gyaran da zai samo maka irinsa ko ya zagaye kasuwa.

Babbar kuwa an yi ta ne don a kwance. Ƙusoshi kaɗan ka cire, murfin ƙasa ya buɗe, ga ram a gurbinsa, ga SSD, ga batiri, ga fanka, kowanne ana zare shi. Wanda ya saye ta da gigabait 8 a shekarar farko yana iya mayar da ita 16 a shekara ta uku in aljihu ya yi nauyi. Kuma da yake dubbai irinta aka shigo da su, kayan gyaranta sun yi yawa a kasuwa: kowace da ta mutu ta bar wa 'yan'uwanta allo da madannai da maƙallai. Yaran da ke zaune da sukurdireba da abin hura iska a kasuwar Farm Centre da titin Beirut sun haddace cikin EliteBook 840 da Latitude. Wannan ilimi da ke hannunsu wani ɓangare ne na darajar na'urar, ko da ba a rubuta shi a rasit ba. Shi ya sa ma in buƙata ta taso aka mayar da ita kasuwa takan yi kuɗi, ƙaramar kuwa da ta bar kwali darajarta ta zube.

Amana kuma ta koma gefen ƙaramar. Sabuwa ce, ba wanda ya taɓa zubar mata da shayi, kuma in daga dila na gaskiya ta fito tana da garantin shekara. Ta hannu ba ka san abin da ta gani ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumomin Najeriya a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayan lantarki na hannu da ake shigowa da su ba sa aiki, kuma mafi yawan kayan a cikin motocin gwanjo ake cuso su. Ba kwamfutoci kaɗai aka ƙirga ba, amma hoton ya nuna irin kogin da ake kamun kifi a cikinsa. Akwai wadda aka gasa allon cikinta da iska mai zafi don ta farfaɗo na 'yan makonni, akwai wadda aka haɗa daga gawa uku, akwai mai kulle na tsohon kamfaninta da ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Akwai kuma yaudarar lakabi: a nuna maka tambarin Core i7 a yi shiru a kan zubinta, alhali i7 ta zubi na uku ba ta kamo ƙafar i5 ta zubi na takwas ba. Garantin mai shago mako ɗaya ne ko wata, kuma ya dogara da mutuncinsa. 'Yan kasuwa masu tsoron Allah suna nan da yawa, amma baƙo ba ya gane su a fuska.

Wani sabon abu ya shigo lissafin. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10 na yau da kullum, Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: ram gigabait 4, ma'ajiya 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ban da 'yan kaɗan. Ƙaramar sabuwa, duk rashin ƙarfinta, ta cika sharuɗɗan. EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460 da takwarorinsu na zubi na shida, waɗanda suka fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba kuma suka cika kasuwanninmu, ba su cika ba. Masu gyara sun san hanyar tsallake shingen su ɗora Windows 11, kuma tana aiki, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da kariya ba. Ga mai shiga asusun banki da na'urarsa wannan abin dubawa ne. Ana iya ɗora Linux, wadda ke farfaɗo da tsofaffi da ƙanana baki ɗaya, sai dai mai ita zai yi ƙarancin waɗanda zai tambaya in ya maƙale.

Chromebook ta cancanci gargaɗi nata na daban, domin tana yawan shigowa a jerin ƙananan masu araha, sabuwa da ta hannu. Tana da saurin tashi, batirinta na daɗewa, ba ta cika kamuwa da bairos ba. Amma an gina ta a kan zaton intanet na nan kullum, ba ta ɗaukar manhajojin Windows irin CorelDRAW, kowane samfuri yana da ranar da Google zai daina sabunta shi, kuma waɗanda suka fito daga makarantun Amurka wani lokaci suna zuwa a ɗaure da rajistar makarantar. A inda data ke da tsada, wanda ya saye ta da zaton kwamfuta ce irin wadda ya gani a kafe zai dawo shago da fushi.

In aka ce sai na zaɓa wa ɗalibin da zai shiga jami'a da na'ura ɗaya ta shekara huɗu ko biyar, babbar ta hannu zan nuna masa. Dalilina shi ne aibinta mafi girma, wato batiri, kuɗi kaɗan da sukurdireba na maganinsa, aibin ƙaramar kuwa an like shi da dalma. Ɗalibin bai san abin da aji uku zai nema daga gare shi ba, kuma gara ya riƙe abin da za a iya ƙara wa ƙarfi. Amma da sharaɗi: ta kasance zubi na takwas ko sama, kamar EliteBook 840 G5 ko Latitude 7490 ko ThinkPad T480, ya tafi da wanda ya san kan abin, a cire caja a bar ta tana kunna bidiyo rabin awa ana kallon yadda batirin ke sauka, a danna kowane harafi, a gwada kowace kafa da kyamara, a shiga saitin farko a tabbatar ba kulle, kuma ya rage wani abu a aljihu domin sabon batiri. In waɗannan ba za su samu ba, ko mai sayen yana garin da wuta baƙuwa ce kuma mai gyara sai an yi tafiyar awa biyu, aikinsa kuma rubutu ne da karatu, to ƙaramar sabuwa daga sanannen kamfani ita ce daidai da shi, muddin ma'ajiyarta ba ta gaza gigabait 64 ba, kuma ya riƙa kwafe aikinsa a filashi duk mako.

Wanda ya yi haƙurin zagayawa zai iya samun tsaka-tsaki, domin kamfanonin nan sun ƙera ƙananan na ofis masu allon inci 12 da rabi ko 13, irin Latitude 7290 da EliteBook 830 G5, kuma su ma sun fara saukowa kasuwar hannu. Nauyinsu bai fi na ƙaramar da yawa ba, cikinsu kuwa na manya ne. Sai dai ko a cikinsu akwai waɗanda aka like wa ram, kamar ThinkPad X280, don haka kafin a biya a roƙi mai shago ya buɗe murfin ƙasa a gani da ido.